Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasi Daga Bakin Ruwan Yauri

Gabatarwa

Bana ƙungiyarmu ta nazarin halittu ta ga ya kamata ta kawo muku darasi a kan wani ɗan tsuntsu da muka gamu da shi a bakin ruwa, kudu da Yelwa, a farkon watan Afrilu. Tsuntsun nan bai kai kurciya jiki ba, launinsa kuwa na toka ne kawai. Wanda yake sauri zai wuce shi bai waiwaya ba. Duk da haka sai da ya sa muka yi kwana biyu muna gardama, ya kuma koya mana yadda mutum zai raba abin da ya gani da abin da yake marmarin gani. Za mu ba da labarin yadda abin ya faru, sa'an nan mu nuna hanyar da kowane ɗalibi zai bi in ya gamu da tsuntsun da bai sani ba.

Abin da yake kawo tsuntsaye gaɓarmu

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan Kwara ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon wajen kilomita 135, daga madatsar har zuwa wajen Yelwa. Tsohon garin Busa ya nutse tare da ƙauyuka da tsibirai masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, cikinsu har da Gungawa da Kambari na ƙasarmu.

Tafkin nan sau biyu yake samun ruwa a shekara. Na fari shi ne farin ruwa, wato ruwan daminarmu, wanda yake zuwa da laka tsakanin Agusta da Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da aka yi can tsaunukan ƙasar Gini, ya bi ta fadamun ƙasar Mali ya zubar da lakarsa, ya iso mana garau cikin sanyin hunturu. Bayan wucewarsa sai tafkin ya shiga janyewa, gama ana ta sakin ruwa a madatsar domin wutar lantarki. Daga Shanga ta arewa, a biyo ta Yelwa, har zuwa Wara a ƙasar Ngaski, gaɓa takan buɗe, taɓo mai faɗi ya fito fili. Manoma sukan bi ruwan da shukarsu. Tsuntsaye su ma sukan bi shi, domin taɓon cike yake da tsutsotsi da ƙananan ƙwari. Muhimmancin wannan yanki ga tsuntsayen ruwa ya sa a 2008 aka sa tsibiran Foge, da ke tsakiyar tafkin, cikin jerin dausayoyin duniya da ake kiyayewa bisa ga yarjejeniyar Ramsar.

Tsuntsayen gaɓa kashi biyu ne. Akwai 'yan gida, kamar zakaran ƙeƙuwa, da balbela, da kirinjijiya, waɗanda a nan Afirka suke ƙyanƙyasa. Akwai kuma 'yan cin rani. Waɗannan a Turai da arewacin Asiya suke yin sheƙa, inda rana take daɗewa ba ta faɗi ba a watannin Yuni da Yuli, ƙwari kuma su yi yawa. Da sanyi ya matso, ruwa ya fara zama ƙanƙara, sai su yo kudu, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a wurinmu daga wajen Satumba. A watannin Maris da Afrilu kuma su kama hanyar gida. Kowa ya san shamuwa da zuwanta gab da damina. To, su waɗannan sa'ad da shamuwa take shirin isowa, su kuwa shirin tafiya suke yi.

Fita ta fari

Ranar Asabar da la'asar muka fita, mu goma sha biyu da malaminmu na kimiyyar halittu. Kayan aikinmu madubin hangen nesa biyu ne, da littafin hotunan tsuntsaye ɗaya, da littafin rubutu da fensir a hannun kowa. Muka zauna a gindin wani tudu muna ƙirga 'yan cin rani. Can sai wata 'yar'uwarmu 'yar aji biyar ta ce, “Malam, ga wani can mai gudu, bakinsa sama ya kalla.”

Muka duba. Sauran tsuntsayen suna tafiya sannu suna tsattsagar taɓo, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya miƙe jiki, ya sheƙa a guje, ya juya nan da nan ya cafke wani abu. Bakinsa dogo ne, ya ɗaga sama kamar goshin kwalekwale. Ƙafafunsa gajeru ne, amma taɓo ya ɓata su, ba mu iya sanin launinsu ba.

Malam ya ce, “Kada kowa ya buɗe littafi. Ku rubuta abin da idonku ya gani tukuna.”

Ba mu yi minti biyar muna kallonsa ba sai wani jirgi mai inji ya wuce, tsuntsayen duka suka tashi. Mu muna gabashin ruwa, rana kuwa ta yi yamma, haskenta yana dukan idanunmu. Abin da muka gani baƙaƙen inuwoyi ne kawai suna tafiya.

A hanyar komowa murna ta cika mu. An buɗe littafi, an ga hoton wani tsuntsu da ba safai ake ganinsa a Afirka ta Yamma ba, kowa yana cewa shi ne. Waɗansu har sun fara shirin sanarwa a taron safe na ranar Litinin. Da muka isa makaranta Malam ya karɓi littattafanmu ya karanta ɗaya ɗaya. A na wani ɗan'uwanmu ɗan aji shida ya tarar an rubuta cewa tsuntsun yana da farin layi a gefen baya na fiffike. Ya kira shi ya ce, “Wannan layin, ganinsa ka yi ko karanta shi ka yi?”

Ɗan'uwan ya yi shiru, daga baya ya ce, “Malam, a gafarce ni. A littafi na gani, sai na ɗauka lalle yana da shi.”

Malam bai yi masa faɗa ba. Ya gode masa saboda faɗin gaskiya, ya ce wannan kuskure manyan masana ma sukan faɗa cikinsa. Sa'an nan ya buɗe babban littafin ƙungiya ya rubuta kalma huɗu a gaban kwanan watan: ba a tabbatar ba. Ba mu ji daɗi ba ko kaɗan. Waɗansunmu suka ce ai bakin kaɗai ya isa shaida. Malam ya amsa da karin maganar da muka sa a kan wannan darasi, ya ce kama da wane ba ta wane.

Tambayoyi shida

Washegari bayan sujada muka taru a ɗakin kimiyya, Malam ya rubuta tambayoyi shida a allo. Muna roƙon kowane ɗalibi ya kwafe su.

1. Girma. Kada a ce “ƙarami” ko “babba” kawai. A gwada shi da tsuntsun da yake tsaye kusa da shi, ko da wanda kowa ya sani, kamar kurciya ko tantabara.

2. Baki. Ya fi kan tsuntsun tsawo ko bai kai ba? Miƙaƙƙe ne, ko ya lanƙwasa ƙasa, ko ya ɗaga sama? Launin gindinsa ɗaya ne da na tsininsa?

3. Ƙafafu. Dogaye ne ko gajeru, wane launi kuma? A tuna taɓo yakan rufe launi, zurfin ruwa kuma yakan ɓoye tsawo. Sai a jira tsuntsun ya hau busasshen wuri.

4. Launin jiki a tsaye. Gadon baya, ƙirji, ciki, da gira in akwai.

5. Launin jiki a sama. Wannan ita ce babbar shaida a wajen tsuntsayen gaɓa, gama da yawansu a ƙasa kamarsu ɗaya, sai sun buɗe fukafukai bambanci yake fita. Ina fari yake: a tsakiyar fiffike, ko a gefensa na baya, ko a gindin wutsiya?

6. Hali da kuka. Yadda yake tafiya, yadda yake cin abinci, da irin muryarsa.

Bayan wannan sai a yi abin da ya fi wuya, wato mutum ya nemi kayar da maganar kansa. A jera dukan tsuntsayen da aka saba gani masu kama da wanda ake zato, a tambaya, me ya hana ya zama wannan? Mu huɗu muka jera. Sunayen Hausa da za ku gani mu muka laƙaba musu a ƙungiya domin sauƙin tunawa, mun kuma haɗa da sunayen da masanan duniya suka san su da su.

Na fari, mai kaɗa gindi, Actitis hypoleucos. Ana yawan ganinsa a gaɓarmu, ƙafafunsa gajeru ne. Amma bakinsa gajere ne miƙaƙƙe, bayansa ruwan ƙasa, farin cikinsa ya hau ta gaban kafaɗa kamar tsini, farin layinsa kuma a tsakiyar fiffike yake.

Na biyu, mai korayen ƙafafu, Tringa nebularia. Shi ma bakinsa ya ɗan ɗaga sama, nan ne haɗarin yake. Amma tsawonsa ya wuce santimita 30, ƙafafunsa dogaye ne, in ya tashi kuma fari yakan bayyana daga gindin wutsiya har tsakiyar baya.

Na uku, mai jajayen ƙafafu, Tringa totanus. Yana da fari mai faɗi a gefen baya na fiffike, amma bakinsa miƙaƙƙe ne, ƙafafunsa dogaye, gindin wutsiyarsa fari.

Na huɗu, mafaɗaci, Calidris pugnax, wanda yake sauka garke garke a gonakin shinkafa na arewacin Nijeriya. Launin ƙafafunsa ba ɗaya ba ne, waɗansu kore kore, waɗansu ruwan goro. Amma bakinsa bai cika tsawo ba, ya ɗan sunkuya ƙasa, gashin bayansa kuma kamar ɓawon kifi.

Da muka auna bayananmu na ranar Asabar da waɗannan, sai muka ga gaskiyar Malam. Muna da baki, muna da gudu. Ba mu da launin ƙafa, ba mu da fiffike, ba mu ji kuka ba. A kan girma ma bakinmu bai zo ɗaya ba, gama ba wanda ya tuna ya gwada shi da na kusa da shi.

Fita ta biyu

Shugaban makaranta ya ba mu izini, ranar Litinin da asuba mu shida muka koma. Wannan karo rana tana bayanmu, kowane launi ya fito sosai. Muka tarar da wani dattijo masunci yana gyaran taru. Muka durƙusa muka gaishe shi, Malam ya ce, “Baba, wani ɗan tsuntsu muke nema mai baki a ɗage.”

Dattijon ya yi dariya ya ce, “'Ya'yana, waɗannan ai baƙi ne, da sanyi suke zuwa, kafin ruwan sama sun tafi. Ku bar nan, jirage sun yi yawa. Ku bi ta bayan gonar albasa can, inda rafi yake shiga kogi. Nan suke taruwa da safe.” Ya kuma gargaɗe mu kada mu shiga ruwa, saboda dorina da ciwon tsargiya.

Muka bi maganarsa. Ba mu daɗe da zama ba sai wani ya ce, “Ga shi! Ga ƙafafu ruwan goro!” Zukatanmu suka buga. Amma da muka bi tambayoyinmu ɗaya ɗaya, sai muka ga bakin gajere ne, bayan kuma kamar ɓawon kifi. Mafaɗaci ne. Da ranar Asabar ce, da mun yi ta sowa.

Sai da muka yi fiye da awa ɗaya a zaune, zafin bazara ya fara taɓa mu, sa'an nan 'yar'uwar nan da ta fara ganinsa ta ɗaga hannu a hankali ta nuna. Yana nan a bakin rafin, tazararmu da shi ba ta fi taku talatin ba. Ga mai kaɗa gindi kusa da shi, muka ga ya ɗan fi shi girma kaɗan. Bakin baƙi ne, gindinsa rawaya, ya fi kan tsawo nesa, ya ɗaga sama. Ya hau yashi, muka ga ƙafafun gajeru, launinsu tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan goro. Bayansa toka, cikinsa fari, da wani baƙin layi a kowace kafaɗa. Ya kama wani abu a taɓo, ya ruga da shi bakin ruwa ya wanke kafin ya haɗiye.

Saura fiffike. Wani ya ɗauki tsakuwa zai jefa domin ya tashe shi, Malam ya riƙe hannunsa. Muka ci gaba da jira. Can wata shirwa ta gitta, tsuntsun ya tashi ƙasa ƙasa bisa ruwa yana wani kuka mai taushi kamar busar sarewa. Dukanmu muka ga farin layi a gefen baya na fiffike, gindin wutsiya kuwa toka, babu fari. Ɗan'uwan nan ɗan aji shida ya ce, “Malam, yau kam na gani.” Kowa ya rubuta nasa bayani bai duba na wani ba, biyu suka zana shi, aka kuma ɗora wayar Malam a kan madubin aka ɗauki hoto. Bayan haka ne aka buɗe littafi.

Wane ne wannan baƙo?

Masana suna kiransa Xenus cinereus. Kalmar farko daga Helenanci take, ma'anarta baƙo. Ta biyu daga Latinanci, ma'anarta mai launin toka. Wani masani mai suna Johann Güldenstädt, wanda ya yi wa Rasha bincike a yankin Kaukasus, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1775. Turawa suna kiransa da sunan Kogin Terek, wanda yake zuba a Tekun Kasbiyan, don haka mu ma muka sa masa ɗan Terek.

Tsawonsa santimita 22 zuwa 25 ne. Yana yin sheƙa a ƙasa, a bakin koguna da tafkuna na dazuzzukan arewa, daga Finlan da Belarus har gabashin Saiberiya, yawanci ƙwai huɗu. Cin raninsa a bakin teku yake yi, a gabashi da kudancin Afirka, da ƙasashen Larabawa, da Indiya, har Ostareliya, inda yake bin ƙananan ƙaguwa a guje. A waɗannan wurare ba abin mamaki ba ne, kuma ba ya cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. A Afirka ta Yamma ne yake da wuyar gani, balle a nan cikin ƙasa, nesa da teku. Baƙin layin da muka gani a kafaɗunsa kayan lokacin aure ne, alama ce yana kan hanyar gida. Daga Yauri zuwa mafi kusa cikin wuraren da irinsa suke sheƙa kusan kilomita 5,000 ne, ga kuma Sahara a tsakani.

Abin da ya sa Malam ya hana jifa ke nan. Kafin irin wannan tafiya tsuntsu yakan ci abinci ƙwarai ya tara kitse, kitsen nan shi ne guzurinsa. Duk lokacin da aka tashe shi a banza, an rage masa guzuri.

Abin da muka koya

Na ɗaya, shaida abu ne mai nauyi. Labarin tsuntsu ba ya tsayawa a littafin makaranta. Tun 2015 ake aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, aikin kuwa ya dogara ga abin da masu sa kai suke gani suna aikawa. Da irin waɗannan bayanai ake sanin wurin da ya kamata a kiyaye. In kuskure ya shiga, wani ya kwafa, wani ya kwafa daga wurinsa, cire shi sai an sha wuya. Saboda haka mun haɗa bayananmu shida, da zane, da hoto, domin masana su auna da kansu. Ɗaya daga cikin Dokoki Goma ta hana shaidar ƙarya. Mukan ɗauka a gaban alƙali kaɗai take aiki, ashe tana aiki a ɗakin gwaji, da ɗakin jarrabawa, da labarin da muke bayarwa a kan maƙwabci. Ɗan'uwanmu bai yi niyyar ƙarya ba, marmari ne ya riga idonsa. Yawancin jita-jitar da take ɓata zumunci a makaranta da ikkilisiya haka take farawa.

Na biyu, cewa “ba a tabbatar ba” ba abin kunya ba ne. Kalmomin nan huɗu su suka mai da mu bakin ruwa. Da mun yi sanarwa tun ranar Asabar, da ko zatonmu ya yi daidai, sa'a ce kawai, ba sani ba.

Na uku, matambayi ba ya ɓata. Littafi ya ba mu suna, amma dattijon da bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba shi ya san inda tsuntsun yake.

Na huɗu, baƙo yana da hakki a kanmu. Annabi Irmiya, a sura ta 8, ya yi wa mutanensa faɗa da misalin tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda suke kiyaye lokacin zuwansu. Allah da ya sa musu wannan sani shi ya ba mu amanar gaɓar da suke sauka. Muna roƙon ƙannenmu su bar harbinsu da danƙo, mu duka kuma mu bar zubar da leda da tsofaffin taru a bakin ruwa.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa safiya ta fi la'asar kyau ga mai kallon tsuntsaye a gabashin tafkin Kainji?
2. Faɗi alama biyu da suka raba ɗan Terek da mai korayen ƙafafu.
3. Don me ake rubuta bayani kafin a buɗe littafi?
4. Ka tuna wani labari da ka taɓa bayarwa kamar ka gani, alhali ji ka yi. Me ya kamata ka yi a kai?

Ƙungiyarmu za ta koma bakin ruwa a watan Oktoba, sa'ad da 'yan cin rani suke sauka. Duk mai so ya ba da sunansa a ɗakin kimiyya, ya zo da littafin rubutu da fensir. Ubangiji ya ba mu ido mai lura da baki mai faɗin gaskiya. Amin.